Man Shanu a Likkafanin Baba

Akwatin Baba na ƙarfe ne, kore, fentinsa ya goge a kusurwoyi. A duk gidanmu na Umbadda, a gefen birnin Omdurman, shi kaɗai ne abu mai kwaɗo. Da ciwo ya kwantar da Baba makullin ya dawo hannuna, domin ni ce mai jinyarsa tun bayan rasuwar mahaifiyarmu. A cikin akwatin akwai takardun gida, da tasbahar kakanmu, da likkafanin Baba.

Kakanmu ya baro ƙasar Hausa da ƙafa, da niyyar Makka. Ya tsaya a Jazira, yankin manyan gonaki da ke kan hanyarsa, ya yi cirar auduga ta kaka ɗaya don ya sami guzuri. A can ya yi aure, a can ya tsufa, a can aka binne shi. Baba ne ya ƙarasa masa tafiyar. Ya hau jirgin ruwa yana da furfura, ya yi aikin hajji, ya sayi farin yadi a Makka, ya tsoma shi cikin ruwan Zamzam da hannunsa, ya shanya shi a can har ya bushe. Duk shekara in azumi ya gabato yakan fito da shi, ya warware ninki ɗaya ya duba ko asu ya taɓa, ya mayar. Ba ya magana a kai, mu ma ba ma yi.

Man shanun kuwa gwaggona ce ta aiko shi daga Jazira, cikin roba mai murfin murɗawa. A lokacin Baba ba ya iya cin komai sai kunun gero, shi ma ba ya sha sai an sa masa cokali guda na man. Gidanmu gidan mutane da yawa ne. Wanda ya ga man shanu a fili zai ɗibi kaɗan don miya, ba da mugunta ba. Sai na zuba wanda zai ishe mu makonni a gwangwani, sauran na bar shi a robarsa na ɗaure a leda, na sa a kusurwar akwatin, na kulle. Na san abin da ke cikin akwatin. Na ce a raina ai murfin a murɗe yake, man kuma a daskare, domin sanyi bai gama wucewa ba. Daga baya zafi ya shigo, ɗakin kuma rufin kwano ne. Ni da kaina nakan jingine akwatin a bango in zan share ƙarƙashinsa.

Ranar da likitan asibitin Omdurman ya ce a mai da Baba gida a ba shi duk abin da ransa ke so, yayana ya same ni a bakin randa. Bai dube ni ba. Ya ce, "Ki duba kayan Baba na akwati, a san suna nan." Na ce to.

Wari ne ya fara tarar hancina tun kafin murfin akwatin ya gama ɗagowa. Robar ta kwanta a gefe, ledar ta cika ta yoye. Na ɗauko yadin na warware shi a kan tabarma. Man ya ratsa ninki bayan ninki, sai tabon ya fito a jere, babba a farko, na gaba ya ɗan ƙanƙance, har zuwa ɗaya ƙarshen. Rawaya ne, da baki-baki mai duhu. Na zauna a ƙasa. Ban yi kuka ba, lissafi nake yi: in Baba ya cika yau da la'asar, me zan miƙa wa maza?

Na naɗe shi a ƙarƙashin mayafina na fito. Baba yana kwance a gadonsa na igiya cikin rumfar tsakar gida, fuskarsa na kallon duk mai shiga da fita.

Ya ce, "Uwata, ina zuwa da ranar nan?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

Na ce, "Gidan Hajja."

"Ki ce mata har yanzu ina nan. Kada ta yi gaggawar ɗora shayin makoki."

Hajja maƙwabciyarmu ce, tsohuwa, ita ke wa matan unguwarmu wankan gawa. Tsakanin gidanmu da nata akwai 'yar ƙofa a jikin katanga, wadda mata ke bi ba sai sun fita titi ba. Na shimfiɗa mata yadin a ɗakinta. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Man shanu ba najasa ba ne, 'yar nan. Ko a haka aka sa shi ya halatta."

Na ce, "Hajja, a gaban yayana da liman za a warware shi. Kuma ji warin."

"To ki je kasuwa ki yanko sabo. Farin yadi duk ɗaya ne, wa zai tambaye shi garinsu?"

"Ba na Makka ba ne."

"In kin wanke wannan fa? Zamzam ɗin zai tsaya yana jiranki a daro?"

Wannan ban yi tunaninsa ba sai da ta faɗa. Na ga duk inda na juya akwai abin da zan ɓata. In na bari, a sa Baba cikin yadi mai warin tsohon mai. In na sauya, na yaudare shi a abin da ba zai iya dubawa ba. In na wanke, yadin dai shi ne, amma ruwan famfon Umbadda ya bi ta kan ruwan da ya tsallake teku ya tsoma shi ciki. Na zaɓi wankin. Har yau ban ce shi ne daidai ba.

Mu yadda muka tashi, farin kaya mai maiƙo dafa shi ake yi. Haka mahaifiyata ke yi wa rigunan Baba, haka uwarta ta yi. Hajja ta hura gawayi, muka ɗora babbar tukunya. Ta ɗauko garin sabulu a kwali, irin mai tsadar nan da ɗanta ya kawo mata take tattalinsa, ta ce an ce wannan yana cin mai. Da ruwan ya tafasa muka zuba, kumfa ta taso, muka tura yadin da muciya. Man ya narke ya hau saman ruwa yana ƙyalli. Na ji daɗi, na ce ya fita. Da muka ɗago yadin sai ya sake kwaso abin da ke sama. Muka cuɗa, muka ɗauraye, muka shanya a bayan ɗakin Hajja inda ba a gani daga gidanmu. Kafin la'asar ya bushe. Tabon ya yi haske amma ya bazu, har wuraren da suke fari tas da safe sun yi dishi-dishi.

Hajja ta ce direbobi da fetur suke fitar da baƙin mai. Na dube ta, ta dube ni: likkafani mai warin fetur ai ya fi na man shanu muni.

Washegari da safe na ba Baba kununsa, na roƙi matar yayana ta zauna kusa da shi, na ce zan je Bahri, can hayin kogi, karɓo magani. Taubashiyata, 'yar gwaggon nan da ta aiko man, tana aiki a wata masana'antar sabulu a can, a ɗakin da ake gwada garin kafin a ɗura shi. Mota biyu na hau. A kan gada motoci suka tsaya cik, ina riƙe da jakar yadin a cinyata, ina kallon kogi ba na ganinsa. Duk wanda ya motsa a motar sai in ji kamar zai juyo ya ce min an yi rasuwa a Umbadda.

Na same ta a bakin ƙofa lokacin karin kumallon ma'aikata, tana cin wake da burodi a inuwar katanga. Ta ce, "Yau 'yar Umbadda ta gano inda gada take?" Da ta ga fuskata sai ta ajiye burodin. Na buɗe mata bakin jakar, na gaya mata komai.

Ta ce, "Man uwata ne? Shi ya sa ya ƙi fita, halinta ya ɗauko." Ta murza yadin tsakanin yatsunta, ta sansana. "Da me kuka wanke?"

Na kwatanta mata kwalin.

"Ai wannan mai kyau ne, yana da inzim. A wane ruwa?"

"A tukunya, yana tafasa."

Ta rufe ido. "Kin dafa shi, ya ukhti, 'yar'uwata. Kin ɗauko ma'aikaci kin jefa shi a tukunya, sannan kina tambaya me ya sa bai yi aiki ba."

Na ce ban zo wasa ba, ta yi min bayani yadda zan gane. Sai ta jawo ni muka tsuguna, ta yi min da Hausa, in ta maƙale ta cike da Larabci. Zan faɗe shi yadda na riƙe.

Ta ce mai ba ya shiri da ruwa. In ya shiga auduga sai ya lafe a cikin zaren, ya riƙe, balle wanda ya yi makonni yana shiga yana bushewa. Sabulu zalla yana iya kewaye ɗigon mai ya ɗauke shi, amma wanda ya nutse can ciki ya fi ƙarfinsa. Shi ya sa ake zuba wa garin wasu 'yan ƙwayoyi da ake kira inzim, waɗanda ake samu daga ƙananan halittun da ido ba ya gani. Irinsu ne a cikin cikinmu, su ke narkar da abin da muka ci. Kowane da aikinsa: akwai na jini da ƙwai, akwai na sitaci irin na tuwo, akwai na mai. Na man nan in ya sami maiƙo sai ya yi ta yanka shi ƙanana-ƙanana, kamar mai almakashi, har ya zama guntayen da sabulu zai iya ɗauka, ruwa ya tafi da su. Ba ya ƙarewa da yanka ɗaya, in ya gama nan sai ya matsa gaba.

Ta ce, "Amma jikinsa irin na ƙwai ne. Kin taɓa ganin dafaffen ƙwai ya koma ruwa? In ya ji tafasa ya daskare, shi ke nan. Ruwa mai ɗumi yake so, kamar na wankan jariri. Kuma yana son lokaci."

Na ce, "Nawa?"

"Ki kwaɓa garin da ɗan ruwa ki shafe duk inda tabo yake. Ki jiƙa shi daga azahar zuwa la'asar sakaliya. Ki cuɗa a hankali, ki ɗauraye sama-sama, ki shanya a ɗaki, ba a rana ba. Za ki ga tabon yana nan, kada ki firgita. Inzim na man yana ci gaba da aiki yayin da yadin ke bushewa, in rana ta ƙone shi nan take ya tsaya. Gobe ki sake. A wanki na biyu yake fita."

"Kwana biyu ke nan."

"E."

"Ba ni da kwana biyu."

Ta ce, "Ke aka gaya wa?" Ta faɗe shi da sigar wasanmu, amma idonta ya kawo ruwa. Baba kawunta ne, shi ya yi mata huɗuba. Ta shiga ciki ta fito min da ƙullin garin a leda, ta raka ni bakin titi. Da mota ta tsaya ta ce, "Ki sa gwiwar hannunki a ruwan. In kin ji kina son cirewa, ya yi zafi."

Daga inda mota ke ajiye mu zuwa gidanmu tafiya ce 'yar kaɗan. Na yi ta da kunne. A unguwarmu in an yi mutuwa kukan mata ne ke fara sanarwa, tun daga nesa. Na ji injin niƙa, na ji mai jakin ruwa yana buga gangarsa, na ji rediyon mai shago. Na tarar da ƙofarmu a yadda na bar ta.

Na yi yadda ta ce a ɗakin Hajja. Ban taɓa yin wanki mai wuya irin wannan ba, domin babu abin da hannu zai yi. Yadi a daro, ruwa shiru, ba tafasa, ba tururi, kumfar ma ta kwanta. Hajja ta leƙa ta ce, "Wannan ne aikin? Ko ni na fi shi motsi." Ina ta bin 'yar ƙofar katanga, in duba numfashin Baba, in dawo in duba daro. Da la'asar ta yi sanyi na cuɗa, na ɗauraye, muka ɗaura igiya daga taga zuwa ƙusar bango muka rataye shi, muka rufe ƙofa. Tabon yana nan a jere, kamar inuwa.

Kafin magariba jikin Baba ya rikice. Numfashinsa ya koma sama-sama, ƙafafunsa suka yi sanyi, ya daina amsa kira. Yayana ya aika a kirawo liman, aka zauna ana karanta Yasin. Yayana ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Kayan nan suna kusa?"

Na ce, "Suna kusa."

Katanga ɗaya ce tsakanin yadin da mu, yana ɗigar da ruwa a kan simintin Hajja. Mutane suna roƙa wa Baba sauƙi, ko nan ko can. Ni kuwa abin da na roƙa shi ne kwana ɗaya. Na ji kunyar addu'ar tun ina cikin yin ta, don ban san ko dominsa nake roƙo ba ko domin kaina. Ban fasa ba.

Da gari ya waye ya buɗe ido ya nemi ruwa.

Na sake jiƙa yadin da hantsi. Wannan karon ruwan daron ya yi hazo-hazo tun kafin in taɓa, da na cuɗa kuma sai na ji zaren ya saki, santsin nan ya tafi. Na ɗauraye shi sau huɗu. Da ya bushe muka fito da shi ni da Hajja, ta kama baki ɗaya na kama ɗaya, muka ɗaga shi sama ta fuskar rana. Muka bi shi taku-taku. A wuri guda, inda man ya fara zuba, akwai ɗan zobe da ba ya ganuwa sai an san yana nan. Sauran fari ne. Hajja ta ce, "Taubashiyar nan taki, karatunta bai tafi a banza ba." Na goge shi da dutsen guga na gawayi, na bi tsofaffin layukan ninkin yadda na iya.

Niyyata in mayar da shi in kulle, in yi shiru. Ina wucewa ta rumfa da shi a ƙarƙashin mayafi Baba ya ce, "Uwata, zo." Muryarsa ta ragu sosai, sai na durƙusa kusa da kansa.

Ya ce, "Kwana uku hannunki na ƙamshin sabulu, igiyar gidan nan kuma ban ga komai a kanta ba. Wankin wa kike yi?"

Na fito da shi na ɗora masa a ƙirji. Na gaya masa daga farko, ban rage ba: robar, da ledar, da tukunyar, da Bahri. Bai katse ni ba. Ya ɗaga yadin da hannu biyu, da ƙyar, ya kai shi fuskarsa, ya daɗe a haka.

Ya ce, "Duka kika wanke?"

"Duka, Baba. Sau uku."

Na jira ya ce ba komai. Na san yadda yake faɗinta, ya sha faɗa min ita a kan abubuwan da suka fi wannan girma a idon mutane. Bai faɗa ba. Yana ta shafa bakin yadin da babban yatsansa, idonsa a kan rufin rumfa.

Can ya ce, "Ki sake ɗauraye shi da ruwan randa zalla. Kada in tafi ina ƙamshi kamar rigar ango."

Na ce to.

"Man ya rage?"

"Kaɗan, a gwangwani."

"A sa min cokali biyu yau. Tun da likkafanina ya sha ya ƙoshi, ni ma a ba ni."

Na yi dariya, hawayen da na riƙe kwana uku suka biyo ta. Ya bar ni sai da na gama. Sannan ya ce, "Yayanki ya sani?"

"A'a."

"To kada ya sani. Zai ɗora miki har tsufanki, kuma ba nasa ba ne." Ya miƙo min yadin, ya juya fuskarsa wajen katanga.

Na ɗauraye shi da ruwan randa kamar yadda ya ce, na shanya a igiyar gidanmu a gabansa, lokacin da yayana ke kasuwa. Yana kallonsa iska na kaɗa shi har ya bushe. Bai ƙara tayar da maganar ba, ni ma ban sami ƙarfin tambayarsa ba. Na sha zama kusa da shi da tambayar a bakina, sai in gyara masa matashi in tashi.

Bayan kwana tara ya rasu, da hantsi, ina riƙe da kofin ruwansa. Allah Ya jiƙansa. Maza suka shigar da shi ɗaki don wanka, mu mata muka koma bayan gida. Da suka gama yayana ya buɗe ƙofar kaɗan ya kira ni. Na zo da yadin a hannu biyu. Ya karɓa, ya juya shi, ya dubi ninkin. Idonsa jawur.

Ya ce, "Wannan ne na Makkan?"

Na ce, "Shi ne."

Ya shiga da shi, ya rufe ƙofa.